Keken da masu ido suka yar, makafi suka ɗauka

Keke mai sirdi biyu ba don makafi aka ƙera shi ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 yake yawo a titunan Turai, kuma a gasar Olamfik ta Landan a 1908 ƙarti biyu masu ido garau ne ke hawansa suna tseren mita 2,000. Daga 1920 ba a yi Olamfik ba tare da shi ba, har zuwa ta Munich a 1972, inda aka sallame shi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ɗan ƙara riƙe shi a gasarta ta zakarun duniya, ita ma bayan 1994 ta ajiye.

Kafin ya kai ƙasa wasu sun cafe. A 1981 aka kafa IBSA a Paris, ƙungiyar wasannin makafi ta duniya, a 1992 kuma masu larurar gani suka yi tseren titi kan wannan keke a gasar nakasassu ta Paralamfik a Barcelona. Shekara huɗu bayan haka, a Atlanta, aka shigar da su zagayen katako mai gangara, inda keken ba shi da birki ko kaɗan. Can ne Kieran Modra na Ostireliya ya ci zinare, matuƙiyarsa Kerry Golding, wadda daga baya ya aura.

Duk wanda ya san makaho da ɗan jagora ya san rabin labarin. Mai ido yana gaba, shi ke riƙe da kan keke, shi ke karanta kwana. Na baya yana riƙe da ƙarfen da ba ya juyawa. Sai dai sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedojinsu, ƙafa huɗu na juyawa lokaci guda, don haka ba mai jan wani. Na gaba ya ce "tashi", su miƙe tare. In ɗaya ya makara da ƙiftawar ido, keken ya karkata da su duka.

A ganina, nan ne ciwon kan masu shirya gasar yake: rabin kowace tawaga ba nakasasshe ba ne. Na baya likitocin ido ke tantance shi, kuma ko yana ɗan ganin dishi-dishi ko ba ya gani sam, rukuni ɗaya ake zuba su, wanda ake kira B. Na gaba fa? Da an sakar wa ƙasashe mara, mai kuɗi sai ta ɗauko gwarzon duniya ta ɗora a gaba. Shi ya sa dokoki suka taru a kansa. Dole ya zama ɗan ƙasa ɗaya da abokinsa, wanda ya fito daga manyan ƙungiyoyin ƙwararru kuma sai ya yi zaman jira kafin a ba shi dama. Ana gwada fitsarinsa kamar kowa, in an ci a rataya masa tasa lambar. Tun 2007, da Kwamitin Paralamfik na Duniya ya miƙa wa UCI ragamar wasan, ita ke riƙe da wannan littafin doka, hukumar nan dai da ta taɓa jingine keken.

Duk da haka ƙasashen da suka tara 'yan tsere su ke kwashe garaɓasa. Craig MacLean, wanda ya ci azurfa a Olamfik ta Sydney a 2000, shi ya tuƙa Anthony Kappes zuwa zinare a Landan a 2012. A Tokyo a 2021, Neil Fachie da matuƙinsa Matt Rotherham sun cinye kilomita guda cikin daƙiƙa 58 da 'yan kai, a ranar kuma Lora, matar Neil, ta ci nata zinaren tare da Corrine Hall. Duk 'yan Birtaniya ne.

Ba ƙwazo kaɗai ba ne. Keken ya haura mita biyu, tsadarsa ba a magana, kuma shigar da shi jirgin sama kaɗai sai an sha rigima a wajen awon kaya. Ga tikiti biyu, abinci biyu, masauki biyu, duk don gurbi ɗaya. Ghana ta jure wannan ɗawainiya ta kai Frederick Assor da matuƙinsa Rudolf Mensah Tokyo.