2.1 Taƙaitaccen Tarihin Tausa a Matsayin Maganin Ciwon Kai

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda tausa ta tashi daga hannun jama'a ta koma aikin asibiti, musamman dangane da ciwon kan nan da mai shi kan ji kamar an ɗaure masa kai da igiya. Irin wannan ciwo ya yawaita tsakanin ɗalibai, saboda doguwar sunkuyawa kan littafi da ƙarancin barci da fargabar jarrabawa.

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe na da hanyoyinsa na tunkarar ciwon kai. Akan ɗaure kai tamau da ƙyalle, ko a murza goshi da dokin wuya da man kaɗe. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a nemi wanzami ya yi ƙaho a ƙeya. Wannan sani gado ne, ɗa ke koyo a wurin uba, ba a rubuce yake ba.

A Turai kuwa, Per Henrik Ling ya kafa makarantar motsa jiki a birnin Stockholm a shekarar 1813, inda aka tsara motsa gaɓoɓi da murza jiki a matsayin darasi. A 1894 wasu mata huɗu masu aikin jinya suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa a Ingila, domin a wancan lokaci ana zargin wasu gidajen tausa na Landan da fasiƙanci. Ƙungiyar ta shimfiɗa jarrabawa da ƙa'idojin aiki, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama ƙungiyar masu aikin gashi ta ƙasar. Sana'ar ta shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, sannan Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kanta a 1966.

Ta fuskar ciwon kansa, a 1962 wani kwamitin likitoci a Amurka ya danganta shi da ɗaurewar naman kai da na wuya. A 1988 Ƙungiyar Nazarin Ciwon Kai ta Duniya ta sauya masa suna, saboda an lura cewa ba kowane mai ciwon ne naman nasa ke ɗaurewa ba. Duk da haka, latsa naman da ke kewaye da ƙoƙon kai da yatsa don jin inda ke zafi yana nan cikin hanyoyin binciken majiyyaci. Haka kuma littafin Janet Travell da David Simons na 1983 ya nuna cewa ƙullutun da ke naman kafaɗa kan aika zafi har gefen kai. A kan wannan fahimta aka gina dabarun danna ƙullutun da miƙar da wuya da sassauta naman ƙeya.

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa wurin da wanzami ke ɗora ƙaho shi ne wurin da ma'aikacin gashi ke ɗora yatsa. Bambancin shi ne ɗaya ya samu rubutu da gwaji, ɗayan bai samu ba. Muhimmancin wannan ga ɗalibi a fili yake, domin shan ƙwayar ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata kan haifar da wani ciwon kan na daban. Sashe na gaba zai dubi waɗannan dabaru ɗaya bayan ɗaya.