Mazan jiyan da aka kira ƴan Senegal

Kusan kowane gari na ƙasar Nijar, daga Tawa zuwa Damagaram, ya taɓa samun wani dattijo da ake ce wa «ansiyan», mai lambobin yabo a ƙirji ranar salla da Faransancin bariki a baki. Da yawa cikinsu sun kwanta dama ba tare da an rubuta labarinsu ba, kuma dalilin farko na wannan ɓacewa yana cikin sunan da aka laƙaba musu.

A shekarar 1857 gwamna Faidherbe ya kafa rundunar baƙar fata a Senegal, aka kira su tirayer na Senegal. Da mulkin Nasara ya bazu zuwa gabas, sunan bai canza ba. Bahaushe, Bazabarme, Babarbare, Bamosi, duk wanda ya sa kakin nan da jar hula, a takardun Faransa ɗan Senegal ne. Shi ya sa mai neman kakansa a littattafan tarihi ba kasafai yake cin karo da sunan Nijar ba.

Galibinsu ba da son ransu suka tafi ba. Kumandan yakan yanka wa kowane kanto adadin samari, sarki kuma ya cika. Mai hali yakan ɓoye ɗansa, ɗan talaka da ɗan bawa su ne a gaba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, an kwashi mutane wajen 200,000 daga yankin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, kusan 30,000 ba su dawo ba. Daga 1919 aikin soja na shekara uku ya zama doka.

A yaƙin Hitila abin ya fi muni. A watan Yuni na 1940, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fursunoni suka harbe su a Chasselay, kusa da Liyon. Ranar 15 ga Agusta 1944 sojojin Afirka suna cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence don ƙwato kudancin Faransa, amma kafin shekarar ta ƙare aka janye su daga fagen daga, aka miƙa kayansu ga fararen fata. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, tsofaffin fursunonin yaƙi suka nemi bashin albashinsu, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaba Hollande ya yi maganar aƙalla 70, masana tarihi kuwa suna cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.

Waɗanda suka dawo gida sun dawo da ido buɗe. Sun ga Nasara yana gudu, yana jin yunwa, yana mutuwa kamar kowa, kuma wannan ya rage kwarjinin kumandan a idon talakawa. Ƙannensu suka bi sahu zuwa Indoshin da Aljeriya. Cikinsu akwai Seyni Kunce, wanda ya yi waɗannan yaƙe-yaƙe biyu kafin ya shiga rundunar Nijar da aka kafa a 1961, ya kuma karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974.

Sakayyar da suka samu ita ce dokar Disamba 1959, wadda ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun ƴancin kai. Kuɗin ɗan Faransa yana hawa kowace shekara, na abokin ramensa ɗan Afirka yana nan inda aka bar shi. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara, kuma a 2001 babbar kotun gwamnati ta Faransa ta ce wannan wariya ce, alhali shi kansa ya riga ya rasu. An yi gyara kaɗan a 2006 bayan fitowar fim ɗin Indigènes, daidaito cikakke kuwa sai daga Janairu 2011. Shekara hamsin ke nan ana jira, mutuwa tana rage wa Faransa bashi.

Wannan laifin Faransa ne. Namu laifin shi ne shiru. Yaran lakwal suna haddace sunayen janar-janar na Turai, ba su san wanda ya tafi daga ƙauyensu ba. Ƴan ƙalilan da suka rage daga yaƙin Aljeriya sun haura shekara tamanin, littafin sojansu yana cikin akwati, gara tana ci. A littafin nan akwai lambar mutum, rundunarsa da ƙasashen da ya taka. Wanda ke da irinsa a gida, ya ɗauki hotonsa da salula, ya zauna gaban tsoho ko matar da ya bari, ya rubuta suna da gari da shekara. Malaman makaranta su sa ɗalibai wannan aiki a lokacin hutu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na raye lafiya.