Shekara Arba'in Bayan Guguwa

A watan Maris na 1748, guguwa ta kusa nutsar da wani jirgin ruwa mai suna Greyhound a Tekun Atlantika. A cikinsa akwai wani saurayi ɗan Ingila, John Newton, wanda abokan aikinsa suka san shi da saɓo da ashar. A daren nan ya roƙi jinƙan Ubangiji, kuma bai daina tunawa da ranar ba har ƙarshen ransa.

Masu wa'azi da yawa a nan suke tsayawa, sai su wuce ga waƙarsa, Amazing Grace. Amma abin da ya biyo baya ya fi nauyi. Bayan wannan addu'a, Newton ya zama shugaban jirgin bayi. Tsakanin 1750 da 1754, sau uku yana kwasar 'yan Afirka daga gaɓar yammacin nahiyarmu ya ƙetara teku da su. Yana karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa, yana jagorantar ma'aikatansa a sujadar Lahadi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsa mutane na kwance cikin mari. Ba lamiri ne ya raba shi da wannan sana'a ba, rashin lafiya ce.

Kada mu yi gaggawar cewa tubarsa ta ƙarya ce. Makahon nan na Betsaida, a Markus sura 8, sai da Yesu ya sāke ɗora masa hannu kafin ya gani sarai. Newton ya ga zunubin bakinsa nan da nan. Zunubin da yake ci da shi kuwa, sai da aka yi shekaru kafin idonsa ya buɗe a kansa.

An naɗa shi limamin ikilisiya a Olney a 1764. A 1785, wani matashin ɗan majalisa, William Wilberforce, ya zo wurinsa da tunanin barin siyasa domin ya bauta wa Allah. Newton ya ba shi shawara ya zauna a kujerarsa ya yi bautar daga can. A 1788, shekara arba'in bayan guguwar, ya wallafa ƙasida yana bayyana abin da ya gani, da abin da hannunsa ya aikata, aka raba wa 'yan majalisa. Shaidar wanda ya san cikin jirgin ba ta da sauƙin ƙaryatawa.

Majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi a watan Maris na 1807. Newton ya rasu a watan Disamba na wannan shekara yana da shekara 82, idanunsa sun kusa rufewa.