Aikin Majalisar Dokoki a Yaƙi da Talauci da Abin da ke Ƙara Mata Ƙarfi

Da wuya a samu gwamnatin da ta hau mulki a yankinmu ba ta fito da wani kundi na yaƙi da talauci ba. Ana buga kundin, a ƙaddamar da shi a babban zaure, a ji labarinsa a rediyo. Amma manomin da ke jiran taki da matar da ta kai ɗanta asibiti ba sa ganin kundi. Abin da suke gani shi ne ko kuɗin ya iso ko bai iso ba. Tsakanin alkawarin da aka rubuta da kuɗin da ya kamata ya iso ƙauye akwai hukumar da tsarin mulki ya ɗora wa amanar tsaro, wato majalisar dokoki. A wannan bayani za mu duba mene ne aikinta a wannan fage, yadda abin ya gudana a Nijar da wasu ƙasashen Afirka, da kuma abubuwan da ke sa ta yi ƙarfi ko ta yi rauni.

Asalin maganar

A watan Satumba na 1999 Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka kawo sabon sharaɗi ga ƙasashe matalauta masu tarin bashi. Duk ƙasar da ke son a yafe mata wani kaso na bashinta sai ta rubuta kundin dabarun rage talauci, ta nuna inda za ta zuba kuɗin da za su rage mata. An ce kuma dole kundin ya zama na ƙasar, a rubuta shi bayan an ji ta bakin jama'a.

Nijar ta shiga wannan shiri a watan Disamba na 2000, ta fitar da kundinta na farko a watan Janairu na 2002, sannan ta cika sharuɗɗan yafiya a watan Afrilu na 2004. Ghana ta cika nata a watan Yuli na wannan shekarar. Bayan kundin farko, Nijar ta yi na biyu na 2008 zuwa 2012, daga nan aka koma tsarin raya tattalin arziki da jin daɗin al'umma da ake kira PDES, na 2012 zuwa 2015, da na 2017 zuwa 2021, da wanda aka tsara domin 2022 zuwa 2026.

Sai dai tun farko aka lura da wani gibi. A ƙasashe da dama ma'aikatar kuɗi ko ta tsare-tsare ce ke rubuta kundin tare da ƙwararru da masu ba da agaji. Ana gayyatar ƙungiyoyin farar hula taron bita, amma wakilan da jama'a suka zaɓa ba sa shiga sai a ƙarshe, wani lokaci ma ba a kai kundin zauren majalisa domin muhawara. Wannan ne ya sa a taron Accra na watan Satumba na 2008 ƙasashe masu karɓar agaji suka yi alkawarin yin aiki kafaɗa da kafaɗa da majalisunsu wajen tsara manufofin raya ƙasa da bin diddiginsu. A 2015 ma, kundin muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambaci majalisun dokoki da suna, saboda su ke yin doka, su ke amincewa da kasafi, su ne kuma ke da ikon tuhumar gwamnati.

Ƙofofi huɗu

Majalisa na taɓa rayuwar talaka ta ƙofofi huɗu.

Ta farko ita ce yin doka. Dokar filaye da ta kiwo, dokar haraji, dokar ma'adinai da man fetur, duk suna yanke hukunci a kan wa zai samu, wa zai rasa. A Nijar, alal misali, doka ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗin shiga na ma'adinai domin ƙananan hukumomin yankin da ake haƙar su. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 kuma ya ce a buga yarjejeniyoyin haƙar ma'adinai a jaridar hukuma, a kuma fifita noma, kiwo, lafiya da ilimi wajen zuba jari.

Ta biyu ita ce kasafin kuɗi, kuma ita ce babbar ƙofa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, a Maputo kuma a 2003 suka ce noma zai samu kashi 10. Wurin da ake gane ko an cika irin wannan alkawari shi ne dokar kasafi ta kowace shekara, wadda ba ta aiki sai majalisa ta kaɗa mata ƙuri'a. Bashin da gwamnati ke ciyowa daga waje ma ta nan yake bi, domin majalisa ce ke ba da izinin tabbatar da yarjejeniyar.

Ta uku ita ce sa ido: tambayoyi ga ministoci a rubuce ko da baki, kiran minista ya zo ya yi bayani, kwamitin bincike, da ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnati. A nan ne kuma dokar rufe lissafi take, wadda a cikinta gwamnati ke komowa bayan shekara ta ƙare ta nuna abin da ta tara da abin da ta kashe a zahiri, tare da rahoton kotun binciken kuɗin gwamnati.

Ta huɗu ita ce wakilci. Ɗan majalisa ya san rijiyar da ta kafe da makarantar da ba ta da malami a mazaɓarsa. Wanda ya zauna a kujerar ma yana da tasiri a kan maganar da za ta taso. Nijar ta kafa dokar kason mata a 2000 da kashi 10 na kujerun zaɓe, ta ɗaga shi zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019. Ta kuma ware mazaɓu takwas na musamman domin ƙananan ƙabilu.

Abin da tarihin Nijar ya nuna

Abubuwa uku da suka faru a cikin shekaru kaɗan sun isa su nuna mana ƙarfin majalisa da rauninta.

A farkon 2005 majalisa ta amince da dokar kasafi da ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara, sukari da fulawa, har da ruwan famfo da wutar lantarki. Wannan ya zo ne bayan daminar 2004 da ta yi gardama, fara kuma ta yi ɓarna, hatsi na ta tsada. A watan Maris ƙawancen ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ya fitar da dubban mutane a Yamai, aka kuma yi zaman gida da rufe kasuwanni a manyan birane. A watan Afrilu gwamnati ta zauna da su ta janye babban ɓangare na harajin. Tambayar da ya kamata a yi a zauren majalisa, wato wa zai ɗauki nauyin wannan haraji, sai a kan titi aka yi ta.

Na biyu shi ne badaƙalar ma'aikatar ilimin firamare da aka sani da MEBA. A 2006 binciken kuɗin shirin raya ilimi na shekara goma, wanda ƙasashe masu ba da agaji ke tallafa wa, ya gano almundahana a kwangiloli. An sauke ministoci biyu, majalisa ta amince a gurfanar da su. Ranar 31 ga Mayu 2007, 'yan majalisa 62 daga cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnatin Firaminista Hama Amadou, gwamnatin ta faɗi. Wannan ya nuna majalisa na da haƙora. Amma a lura da abu biyu: ba majalisa ce ta fara gano ɓarnar ba, kuma lokacin da ta motsa kuɗin littattafai da kayan aji sun riga sun salwanta.

Na uku shi ne kula da lafiya kyauta. A 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin aikin tiyatar haihuwa, ta kuma ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Asibiti zai yi aikin, ya aika takardar lissafi, gwamnati ta biya shi. Matakin ya ƙara yawan yaran da ake kaiwa asibiti. Sai dai biyan ya riƙa jinkiri, bashi ya taru shekara da shekaru, ɗakunan magani suka riƙa ƙarewa, har iyaye suka koma sayen magani a waje. Manufa mai kyau ce, amma kuɗin da ake warewa da wanda ake saki ba su kai nauyinta ba, kuma daidaita waɗannan biyun aikin masu duba kasafi ne.

Me ke raunana majalisa

Abu na farko shi ne iyakar da doka ta sa. A Nijar kafin juyin mulkin 2023, kamar sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, ɗan majalisa ba ya iya kawo gyaran da zai ƙara kashe kuɗi ko ya rage kuɗin shiga sai ya nuna inda za a cike gurbin. A Ghana sashe na 108 na tsarin mulkin 1992 ya bar wa ɓangaren shugaban ƙasa ikon kawo duk ƙudurin da zai ƙara haraji ko kashe kuɗi.

Na biyu shi ne lokaci da ƙwarewa. Kundin kasafi ɗaruruwan shafuka ne da Faransanci ko Turanci, ma'aikatar kuɗi ta shafe watanni tana haɗa shi, majalisa kuma makonni kawai take da su. Idan kwamitin kuɗi ba shi da nasa ƙwararrun, da alƙaluman gwamnati zai auna gwamnati.

Na uku shi ne kuɗin da ke bi ta bayan gida. Ayyukan da masu ba da agaji ke gudanarwa kai tsaye ba duka ke bayyana sosai a kasafi ba. A Nijar kuma, kafin juyin mulkin 2023, an saba, idan majalisa za ta tafi hutu, ta ba gwamnati izinin yin doka da kanta a wasu fannoni, ciki har da tabbatar da yarjejeniyoyin bashi, sai daga baya a kawo mata ta sa albarka.

Na huɗu shi ne biyayyar jam'iyya da buƙatun mazaɓa. Ɗan majalisar masu rinjaye na jin nauyin tuhumar ministan jam'iyyarsa. Mu ma masu zaɓe muna da namu laifin, domin mun fi auna wakili da kuɗin suna da na magani da ya ba mu, ba mu tambayarsa yadda ya yi da kasafin lafiya. Yawan iko kaɗai ma ba ya magance wannan. Majalisar Najeriya na da hannu sosai wajen sauya kasafi, amma ce-ce-ku-cen cushe a kasafin 2016 da ƙorafin da ake yi kan ayyukan mazaɓu sun nuna iko na iya komawa rabon ganima.

Na biyar shi ne yankewar rayuwar majalisar kanta. An rusa ta Nijar a watan Mayu na 2009 lokacin rikicin tazarce, juyin mulkin 2010 ya kawar da wadda ta biyo baya, na 26 ga Yuli 2023 kuma ya dakatar da tsarin mulki da majalisa mai kujeru 171. A 2025 aka kafa majalisar tuntuɓa wadda aikinta ba da shawara ne. Duk lokacin da aka yanke, ƙwarewar da kwamitoci suka tara tana watsewa.

Me ke ƙara mata ƙarfi

Akwai matakan da aka gwada aka ga amfaninsu. Na farko, a shigo da majalisa tun kafin a gama dafa kasafi. Ƙa'idojin da ƙungiyar UEMOA ta fitar a 2009, waɗanda Nijar ta mayar doka a 2012, sun tanadi muhawarar share fagen kasafi a tsakiyar shekara, da kuma kasafi bisa shirye-shirye, inda kowace ma'aikata za ta faɗi sakamakon da take nema da kuɗin da aka ba ta. Wannan na ba ɗan majalisa damar tambaya: azuzuwa nawa aka ce za a gina, nawa aka gina?

Na biyu, majalisa ta samu nata ofishin nazarin kasafi. Yuganda ta kafa irinsa da dokar kasafi ta 2001, wadda 'yan majalisa ne da kansu suka kawo ta, Kenya ta biyo baya a 2007.

Na uku, a yi bincike a bainar jama'a. A Ghana ɗan adawa ne ke shugabantar kwamitin binciken kuɗin gwamnati, kuma tun 2007 kwamitin ke zama a fili, ana kiran manyan jami'ai su amsa tambayoyi kan rahoton babban mai binciken kuɗi, jama'a na ji suna gani. Ƙorafin da ya rage a can shi ne ba kullum ake aiwatar da shawarwarin kwamitin ba, abin da ke nuna cewa zama a fili na buƙatar hukunci a bayansa.

Na huɗu, a buɗe alƙaluma ga kowa. Wani bincike a Yuganda ya gano cewa daga 1991 zuwa 1995 kimanin kashi 13 cikin 100 ne kawai na kuɗin tallafin ɗalibai ke isa makarantun firamare. Da gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, makarantu kuma suna liƙa nasu a allo, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Majalisar da ke tilasta irin wannan bayyanawa ta samu dubban idanu masu taya ta aiki, musamman idan an fassara bayanin zuwa Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da sauran harsuna a gidajen rediyo.

Abin da za mu riƙa tambaya

Ko majalisa zaɓaɓɓiya ce ke zaune ko ta riƙon ƙwarya, tambayoyin da za mu auna ta da su ba sa sauyawa. An kawo mata tsarin raya ƙasa ta yi muhawara a kansa kafin a fara aiki da shi? Nawa aka ware wa lafiya, ilimi, ruwa da noma, nawa kuma aka saki a zahiri? Wane bashi aka ciyo bana, da wane sharaɗi? An gabatar da lissafin bara, an kuma karanta rahoton masu bincike? Wanda aka samu da laifi, me aka yi masa? Idan wakilinmu ya zo gari, waɗannan ne ya kamata mu ajiye masa a gaba, mu kuma nemi amsa da alƙaluma.