Allurar Hukuma a Kan Hanyar Hajji



Sa'ad da Saudiyya ta sake buɗe wa baƙi ƙofar Hajji a 2022, bayan shekara biyu na annobar korona, ta gindaya sharaɗi: babu mai shiga sai da shaidar allurar rigakafi. Wasunmu a Khartum da Umdurman suka ɗauki abin sabon ƙulli ne na zamani. Alhali kuwa tsohuwar doka ce, kakanninmu ma sun tarar da ita.

A 1865 kwalara ta kashe dubban alhazai a Makka, masu komawa gida suka kai ta Masar, daga can ta haye Turai. Tun daga nan hukumomi suka sa wa hanyar Hajji ido. A zamanin mulkin Ingila da Masar, wanda ya tako daga Kano ko Sakkwato har ya iso Sawakin, sai ya zauna karantina, an yi masa lambar agana, kafin ya hau jirgin Jidda. Wasu, don rashin guzuri ko tsoron hukuma, suka riƙa haye Bahar Maliya a ɓoye cikin ƙananan jiragen ruwa.

A 1987 sanƙarau ya ɓarke a Hajji, a 1988 ya afka wa Khartum. Saudiyya ta mai da allurarsa sharaɗi, har yau kuwa yana nan.

Mafi ɗaci shi ne na 2003, lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna. Zargin yana da tushe, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a 1996 ba. Amma cutar ba ta jira a gama muhawara ba: ta ratsa Chadi, ta shigo Darfur a 2004, a 2005 ta kai Yaman da Indunusiya. Hanyar da ta kawo iyayenmu, ita ta bi, ƙananan yara ne kuma suka shanye.

Haƙƙinmu ne mu tambayi hukuma me ke cikin allura, wa ya gwada ta. Haƙƙin maƙwabci ne kuma kada mu kai masa cuta. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, bai kuwa rasa tawakkali ba.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.