Faɗan Turawa Da Ya Ƙare A Bakin Gona

Hausawa sun ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Da irin wannan zuciya ce talakan Mayo-Oulo yake jin labarin duniya a tsakanin 1940 da 1961. Garin yana gindin duwatsu a arewacin Garwa, cikin ƙasar Kamaru, ba nisa da Mubi ta Nijeriya. A yankin akwai Fali da Gude da Njanyi da Fulani, ga kuma fataken Hausawa. A lokacin nan labari a ƙafa yake tafiya, kafin ya iso kuwa ya sha gishiri a kasuwa uku ko huɗu. Akan ji, a yi dariya, a koma gona. Amma mai karatu zai ga cewa kusan duk labarin da aka yi wa dariya, a ƙarshe sai da ya biyo mutum har gida.

Ai tun kafin wannan lokaci an ɗanɗana. Jamusawa ne suka fara mulkin Kamaru. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace Garwa a watan Yuni na 1915, daga baya suka raba ƙasar tsakaninsu. Mubi ta faɗa hannun Ingila, Mayo-Oulo ta faɗa hannun Faransa. Ba a tambayi Gude ko Njanyi ba, alhali layin ta tsakiyarsu ya ratsa. Duk da haka ba a ɗauki abin da zafi ba, gama jaki bai san iyaka ba, masu neman aure ma haka.

Sai ga yaƙin Hitila. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi, Faransawa suka rabu biyu: wasu na bin Marshal Petain, wasu na bin Janar Digol, wanda ya gudu London yana mulki da bakinsa ta rediyo. Ran 27 ga Agusta, wani hafsa mai suna Leclerc ya sauka Duwala da 'yan mutane kaɗan a cikin kwale-kwale, ya ce Kamaru ta Digol ce. Wato ƙasa ta kwana da maigida ɗaya, ta tashi da wani, manomin Mayo-Oulo kuwa yana can yana noman gyaɗarsa bai sani ba. Mai karɓar haraji ne kaɗai bai sake ba. Amma wannan labari ya haifi abu mai kyau. Saboda gudummawar da Afirka ta bayar a yaƙin, a 1946 Faransa ta soke aikin dole, ta kuma soke dokar da ta ba Baturen mulki ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. Wanda ya taɓa ɗaukar dutse a aikin hanya ba biya, shi ya san daɗin wannan labari.

Kuɗi ma sun sake suna. A watan Disamba na 1945 aka ƙirƙiro sefa. Mutanen arewa suka karɓi sabon kuɗin, amma suka ci gaba da lissafi da dala, wato faran biyar biyar. Shi ya sa har yau baƙo yakan rikice a kasuwa: takarda ta ce ɗari, mai tumatir ta ce ishirin, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

A cikin shekarun 1950 ne akwatin rediyo ya fara shiga garuruwa. Sashen Hausa na BBC ya soma magana a watan Maris na 1957, gidan rediyon Garwa ya biyo baya a 1958. Abin da akwatin ya fara kawowa kuwa sai ka ce tatsuniya. A watan Oktoba na 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan Adam, bayan wata guda ta sake harba wani, wannan karo da karya a ciki. Ga mutumin da yake korar kare daga zaure, ba ƙaramin abin dariya ba ne a ce wata babbar ƙasa ta rasa ɗan aike zuwa sama sai kare. Labarin Faransa ma haka. Daga 1946 zuwa 1958 an kafa gwamnati sama da ishirin a birnin Paris. Kafin mai shela ya koyi furta sunan firayim minista, an tuɓe shi. A ƙasar da lamiɗo yakan shekara talatin a kan gado, wannan kam wasan yara ne.

A Garwa kuwa akwai wani saurayi da ya san labari ciki da waje. Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a 1924, ya fara aiki ne a gidan waya, yana aika saƙonnin wasu ta wayar iska. A 1958 ya zama firayim minista, ran 1 ga Janairu, 1960, Kamaru ta sami 'yancin kai a hannunsa. Mai buga labari ya zama shi ne labarin.

Daga nan aka zo kan maganar da ta fi shafar Mayo-Oulo. Tun 1946 Majalisar Ɗinkin Duniya take ɗaukar Kamaru biyun a matsayin amana a hannun Ingila da Faransa. Da Turawa za su tafi, sai aka ce mutanen yankin Ingila su zaɓa: Nijeriya ko Kamaru. Majalisa ta aiko da wani mutumin Iran, Jalal Abdoh, ya lura da ƙuri'ar. An yi ta farko a watan Nuwamba na 1959, maza kaɗai, suka ce a dakata tukuna. Aka sake yi a watan Fabrairu na 1961, har da mata. A arewa mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Mutanen Mayo-Oulo ba su jefa ko ƙuri'a ɗaya ba, 'yan kallo ne, alhali maganar surukansu da kawunansu ake yankewa. Ran 1 ga Yuni yankin ya shiga Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Ahijo ya mai da ranar ta makoki, ya kai ƙara kotun duniya, a 1963 kotu ta ƙi yanke hukunci.

Abin ban dariya, a watan Afrilu na wannan shekara ta 1961 Yuri Gagarin na Rasha ya zagaya duniya duka cikin minti 108, babu wanda ya tsayar da shi ya ce ina takarda. Amma mai kai akuya kasuwar Mubi ya zama mai tafiya ƙasar waje. Direba ma sai ya yi hankali, gama har 1972 a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, a Kamaru kuwa dama.

Raha dai raha ce, amma layin ya yi aikinsa. Jikokin kaka ɗaya, wasu suka yi makaranta da Turanci, wasu da Faransanci. Wannan yana ƙirga naira, wancan dala. A cikin ikilisiyoyi ma haka: a gefen Mubi Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga a 1932, shi ya zama abin karatu, a gefen Garwa kuwa Fulatanci da Faransanci suka fi ƙarfi. A 2002 kotun duniya ta sake duba iyakar, takardun Turawan da suka daɗe da mutuwa su ne shaidu.

Sa'an nan a ƙarshen Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, dubban mutane suka tsere ta kan duwatsu zuwa Kamaru. A ranar nan ba a yi maganar ƙuri'ar 1961 ba. Wanda ya ga na gudu ya ba shi ruwa da tabarma. Tsofaffin da suka yi wa karyar Rasha dariya ba su yi laifi ba, abin dariya ne. Sai dai 'ya'yansu sun koyi kasa kunne idan an ce ga labarin duniya, gama wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, shafa wa nasa ruwa yake yi.