Kuromosom Y

Kuromosom Y ɗaya ne daga cikin kuromosom biyu da ke tantance jinsi a jikin ɗan Adam da galibin dabbobi masu shayarwa. Ƙwayar halittar mutum tana ɗauke da kuromosom 46. Mace tana da X biyu, namiji kuwa yana da X da Y. Ƙwan mace X kaɗai yake bayarwa, don haka maniyyin uba ne ke sa a haifi namiji ko mace.

A shekarar 1905 Nettie Stevens, wata masaniya 'yar Amurka, ta nuna alaƙar kuromosom Y da jinsi a binciken da ta yi kan wani ƙwaro. A 1990 masu bincike a Landan suka gano ƙwayar gado mai suna SRY a jikin kuromosom Y, wadda ke sa maraina su fara samuwa tun ɗa yana ciki. An kammala karanta tsarin Y gaba ɗaya a 2023.

Y ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta shi da X, amma ƙwayoyin gadonsa da dama aikinsu samar da maniyyi ne. Idan wani yanki nasa da ake kira AZF ya gutsure, ƙwayoyin maniyyi kan yi ƙaranci ko a rasa su baki ɗaya. Namijin da aka haifa da XXY, wato larurar Klinefelter, shi ma yakan yi fama da rashin haihuwa.

Wani ɓera na tsibirin Amami a Japan ba shi da Y sam, duk da haka mazansa suna haihuwa.